Kyuba Daga Bakin Teku: Tsibirin Da Babu Kwale-kwale

Masu yawon duniya a ƙananan jiragen ruwa na kansu, waɗanda iska ke turawa, kusan bakinsu ɗaya kan abin da ya fara ba su mamaki idan suka doshi Kyuba: tekun fayau yake. A sauran tsibiran yankin Karebiyan, tun kana nesa masunta za su tarye ka, wani da kifi, wani da ayaba. A nan kuwa, ƙasar da ke da gaɓar teku ta dubban kilomita, sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka ci karo da kwale-kwale ko ɗaya ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsakanin Kyuba da Key West ta Amurka kilomita 145 ne kacal, don haka a idon hukuma duk abin da ke yawo kan ruwa hanyar gudu ce. A 1980 mutum kusan 125,000 suka fice ta tashar Mariel. A 1994 wasu fiye da 30,000 suka bi bayansu a kan tayoyin mota da katakai da suka ɗaure da igiya. Shi ya sa ake sa ido sosai kan jiragen masunta, kuma a ƙa'ida ba a barin ɗan ƙasa ya hau jirgin baƙo.

Baƙon ma ba a sake masa mara ba. Ba zai tsaya inda ya ga dama ba. Sai a tashoshin da aka ware, irin su Marina Hemingway da ke yammacin Habana, ko Siyenfuwegos, ko Santiyago. Da ya iso, likita zai fara hawa ya duba lafiyarsa, sannan dakarun tsaron iyaka da jami'an kwastan, wani lokaci har da kare mai shinshina. Duk sa'ad da zai tashi zuwa wata tasha, sai an buga masa hatimi a takardar izini. Yawancin masu jiragen suna yaba wa jami'an nan da ladabi, sai dai takardu kamar ba za su ƙare ba.

Amma darasin gaske yana fara ne ranar da abinci ya ƙare a jirgi. Wanda ya zo ta sama ya sauka a wani otal na garin shaƙatawa na Baradero, an girka an ajiye masa, ba ya sanin abin da ake ciki. Mai jirgin ruwa kuwa dole ya ɗauki jaka ya fita cefane kamar kowa. A nan zai gane cewa kuɗi a aljihu ba ya nufin akwai kaya a kanta. Yau a sami ƙwai babu gari, gobe a sami gari babu mai. Zai kuma koyi yadda ake layi a Kyuba: ba a jeruwa. Kana zuwa sai ka ɗaga murya ka tambayi wane ne na ƙarshe, wani ya ɗaga hannu, ka riƙe fuskarsa, ka nemi inuwa ka zauna. Kowa ya san wanda yake bi, kuma ba kasafai ake rigima ba.

Tun 1962 kowane gida ke da ɗan littafin rabon abinci, wanda ake zuwa da shi shagon gwamnati na unguwa a karɓi shinkafa, wake, sukari, mai da burodi a farashi mai rahusa. Rabon ba ya kai wa ƙarshen wata, musamman tun bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, wadda ita ce ke ɗauke da nauyin tattalin arzikin. Sauran kwanakin sai dabara: ɗan'uwa a Miyami ya aiko da dala, a ba baƙi hayar ɗaki, ko a mai da falo gidan cin abinci. A lungunan da masu jirgi ke kwana, masunci kan zo a ɓoye da manyan jatan lande, waɗanda gwamnati ta keɓe don sayarwa ƙetare, ya nemi musaya da sabulu ko igiyar kamun kifi. Ba ya ma fara maganar kuɗi.

Tsofaffin motocin Amurka na kafin 1960 da baƙi ke rububin ɗauka hoto, a wurin masu su jari ne. Da yawansu an sa musu injin dizal na wata mota daban, suna jigilar fasinja. Bakanike a Kyuba, abin da bai samu ba ƙera shi yake yi, kuma mai jirgin da injinsa ya lalace shi ya fi kowa sanin darajar wannan.

A ba gwamnati haƙƙinta. Yaƙi da jahilci na 1961 ya yi aiki. Da wuya ka sami wanda bai iya karatu ba. Likitocin ƙasar sun zo Afirka ta Yamma lokacin annobar Ebola a 2014, sa'ad da wasu ke ja da baya. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba tun 1962 shi ma ba ƙaramin shaƙe ƙasar ya yi ba. Sai dai ba takunkumi ne ya hana manomi yanka saniyarsa ba tare da izini ba na tsawon shekaru, kuma ba shi ne ya ɗaure waɗanda suka fito zanga-zangar 11 ga Yuli, 2021 ba. A Oktoban 2024 wutar lantarki ta ɗauke a ƙasar baki ɗaya bayan tashar samar da wuta ta Antonio Guiteras ta tsaya.

Tun 2013 aka soke takardar izinin fita, saboda haka yawancin masu tafiya yanzu jirgin sama suke bi, da dama kuma sun bi ta Nikaraguwa a shekarun baya. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 11, hukumominta da kansu sun amince cewa zuwa 2024 ba ta kai miliyan 10 ba.