Waƙar Da Masu Ita Suka Ƙi: Labarin "Creep" Ta Radiohead

A watan Satumba na 1992 kamfanin EMI ya fitar da wata waƙa ta wasu samari biyar 'yan yankin Oxford a Ingila. Ba ta je ko'ina ba. Ta maƙale a matsayi na 78 a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, faifan da aka sayar kuwa kimanin 6,000 ne kacal. Gidan rediyon BBC Radio 1, wanda a wancan zamani shi ke ɗaga mawaƙi kuma shi ke kwantar da shi, ya ga waƙar ta cika sa baƙin ciki, sai ya kawar da kai. Bayan shekara guda aka sake fitar da ita a ƙasar, ta hau matsayi na 7. Sunanta "Creep", masu ita kuma Radiohead, kuma sun shafe shekaru suna jin haushinta fiye da yadda kowane mai suka ya taɓa ji.

Samarin sun haɗu ne a makarantar Abingdon, suka kafa ƙungiyarsu a 1985 da sunan On a Friday, don ranar Juma'a suke samun ɗakin kiɗa na makarantar su yi atisaye. Thom Yorke ne mai rera waƙa, Jonny Greenwood da Ed O'Brien na kaɗa jita, Colin Greenwood, yayan Jonny, yana riƙe da jita mai kaurin murya, Philip Selway na kan ganguna. A 1991 suka sa hannu da EMI a kan kundi shida, suka ɗauki sunan Radiohead daga wata waƙar Talking Heads. Irin kiɗansu shi ne rok ɗin da ya taso a gefe, a ƙananan kamfanoni da gidajen rediyon jami'o'i, wanda bai damu da ƙyale-ƙyalen manyan taurari ba. A daidai lokacin ne ƙungiyar Nirvana ta Amurka ta fito da wannan salo daga lungu zuwa tsakiyar kasuwa, kowane babban kamfani ya shiga neman nasa.

Yorke ya rubuta waƙar tun yana ɗalibi a jami'ar Exeter, a ƙarshen shekarun 1980. Labarin saurayi ne da ke hangen wata mace daga nesa, yana ganin ta fi ƙarfinsa, yana zagin kansa, har ya kai ga tambayar abin da ma ya kawo shi wurin. Ba ya roƙonta, ba ya yabon kansa. Raina kai ne tsagwaronsa, an faɗe shi da babbar murya.

Yadda aka ɗauke ta shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa. EMI ta ɗauko furodusoshi biyu daga Boston, Sean Slade da Paul Kolderie, waɗanda suka taɓa aiki da Pixies da Dinosaur Jr., aka shiga situdiyo a garin Chipping Norton don ɗaukar wasu waƙoƙi dabam da kamfanin ya sa wa rai. Wata rana ana atisaye sai samarin suka buga "Creep" haka kawai. Yorke ya yi ba'a ya ce wannan ce waƙarsu ta Scott Walker, yana nufin ta yi kama da salon wancan mawaƙi. Furodusoshin suka ɗauka ta Scott Walker ce da gaske, suka ji takaici: waƙa mafi daɗi da yaran nan suka buga, ga shi ta wani ce. Da aikin da aka zo yi ya cije, sai aka ce su sake buga ta. Ɗauka ɗaya aka yi, mutanen da ke ɗakin suka kama tafi. Da Kolderie ya tabbatar tasu ce, ya kira kamfanin ya ce ga waƙar da za a fitar.

Duk wanda ya saurare ta ya san wani wuri. Baiti na tafiya a hankali, jita na digowa ɗaya bayan ɗaya, murya a ƙasa. Gab da amshi sai a ji wata ƙara ta fasa ta, gajeriya, busasshiya, kamar an ja ƙofar kwano da ƙarfi. Sai shiru, sai ta sake, daga nan amshin ya ɓarke. Jonny Greenwood ne. Ya danne igiyoyin jitarsa da hannu don kada su ba da sauti mai daɗi, sannan ya make su da iyakar ƙarfinsa. Ya ce sanyin waƙar ne bai yi masa ba, O'Brien kuma ya bayyana cewa yunƙurin ɓata ta ne Jonny ya yi. To, ɓarnar nan ita ce ta zama tambarin waƙar. In an cire ta, abin da zai rage koke ne na saurayin da ya rasa budurwa, irinsa kuwa dubbai ne. Da ita, mai sauraro yana jin fushin da ke ƙarƙashin raina kan tun kafin murya ta faɗe shi. Hatta fiyanon da ke shigowa a ƙarshe, mantuwa ce: Kolderie ya manta bai ɗaga shi ba wajen haɗa sauti sai da waƙar ta kusa ƙarewa, aka ji ya dace, aka bar shi haka.

Ginin kiɗan kansa ba shi da wahala. Sauti huɗu ne ake juyawa daga farko har ƙarshe. Na biyun yana haurawa inda kunne bai zata ba, na huɗun kuma na ukun ne aka karya masa gwiwa, ya sauko da sanyin jiki. Sai dai wannan tsari ya jawo musu magana. An lura ya yi kama da na "The Air That I Breathe", wadda Albert Hammond da Mike Hazlewood suka rubuta, ƙungiyar Hollies kuma ta yi tashe da ita a 1974. Masu haƙƙin waccan suka tashi, aka sasanta, aka sa sunayen mutanen biyu cikin marubutan "Creep" tare da kason kuɗi. Abin dariya, a 2018 mawaƙiya Lana Del Rey ta ce ana neman ta da shari'a don waƙarta "Get Free" ta yi kama da "Creep", ko da yake kamfanin da ke riƙe da haƙƙin Radiohead ya ce tattaunawa aka yi, ba a shigar da ƙara ba.

Ba daga London farin jinin "Creep" ya zo ba. A Isra'ila wani mai gabatar da shiri, Yoav Kutner, ya riƙa sa ta a gidan rediyon soja har ta game ƙasar, Radiohead suka tafi Tel Aviv a farkon 1993 suka tarar da jama'a sun haddace ta. Ta kama a New Zealand da Sifaniya da ƙasashen arewacin Turai. A San Francisco gidan rediyon KITS ya samu faifan da aka shigo da shi daga Ingila ya fara sawa, wasu tashoshi suka bi, tashar talabijin ta MTV ta ɗauka. An sake rera wani wuri don a cire ashar ɗin da ke ciki saboda rediyo. Ta kai matsayi na 34 a babban jadawalin Billboard na Amurka, ta ja kundinsu na farko, Pablo Honey, wanda ya fito a Fabrairun 1993. Sai da baƙi suka yaba, sannan 'yan gida suka waiwayo.

Daga nan daɗin ya koma ɗaci. Suka shafe watanni suna yawon wasa, a wurare da yawa mutane su zo, su yi ta ihun a buga musu "Creep", da an gama su kama hanya, sauran waƙoƙin ko oho. 'Yan jarida suka fara lissafa su cikin masu waƙa ɗaya da za a manta baɗi. Kamfani kuma yana jiran su kawo wata irinta. A 1994 suka mayar da martani da waƙar "My Iron Lung", wadda ta ɗauki sunanta daga akwatin ƙarfen da a da ake sa masu cutar shan inna a ciki don ya yi musu numfashi: yana raya mutum, amma ba ya barinsa ya motsa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 sun daina buga "Creep" a wasanninsu, Yorke kuma bai ɓoye ƙosawarsa da masu neman ta ba.

Ana iya fahimtar haushin, amma ni ban ga sun yi wa waƙar adalci ba. Kuɗin da ta kawo da sunan da ta yi musu su ne suka sa EMI ta yi haƙuri da su har suka fitar da The Bends a 1995, da OK Computer a 1997, da Kid A a 2000, kundin da suka juya wa jita baya a cikinsa amma duk da haka ya hau na ɗaya a Amurka. Ƙungiyoyi nawa ne na wancan zamani aka sallama bayan kundin farko don ba su samu ko guda ɗaya da ta kama ba? Kuma waɗanda suke ihun neman ta ba wawaye ba ne. Matasa ne da suka ji wani ya faɗi a fili abin da suke ɓoyewa, cewa suna jin ba su dace da inda suke ba.

A halin da masu ita ke gudunta, wasu suka ɗauke ta. Prince ya rera ta a bikin Coachella a 2008. Ƙungiyar 'yan mata masu rera waƙa tare ta ƙasar Beljiyam, Scala, ta yi nata, aka sa shi a tallan fim ɗin The Social Network, labarin kafa Facebook, a 2010. Su kansu Radiohead sun huce a hankali. A 2001, a wani wasa a gida Oxford, na'ura ta lalace musu, suka buga "Creep" ba zato. Da ita suka buɗe wasansu a bikin Reading a 2009, suka sake buga ta a Glastonbury a 2017, a 2021 kuma Yorke ya fitar da wani sabon salo nata mai jan lokaci.

Radiohead sun yi waƙoƙin da suka fi "Creep" zurfi da fasaha, wannan ba abin musu ba ne. Amma a manhajar Spotify har yau ita ce waƙarsu da aka fi saurare, an wuce sau biliyan ɗaya tuntuni, kuma da yawa daga masu sauraron ba a haife su ba a ranar da aka ɗauke ta a Chipping Norton.