Harafi ɗaya ya cinye mana ajiyar mako guda

Ranar da na buɗe kwalin a ofis, maigidanmu ya ɗauki kaset ɗaya ya jujjuya shi, ya ce, "Malam, wannan ba irin na wa'azi ba ne da muke saya a da? A nan za ka zuba mana takardu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan'uwansa ne, sai dai cikin wannan ya fi zurfi."

Sunansa LTO. Kamfanonin HP da IBM da Seagate ne suka haɗa kai suka fito da tsarin, na farko ya shiga kasuwa a 2000 yana ɗaukar gigabait 100. Wanda ke hannun maigidanmu, LTO-8, terabait 12 yake ci. Abin da ya sa har yau ba a yar da shi ba, da zarar ka zare shi ka kulle a durowa, ɓarawon intanet ba shi da hanyar isa gare shi. Ko Google, da saƙonnin wasu masu Gmail suka ɓace a 2011, daga kaset ya dawo da su.

Haɗa na'urar kaset ɗin da uwar garkenmu bai ba ni wahala ba. Na soka katin SAS, na jona waya, na kunna, Linux ya gane ta nan take. Matsalar ita ce suna biyu yake ba ta: st0 da nst0. In ka kira ta da na farko, tana gama rubutu sai ta naɗe zaren ta koma farko, irin yadda muke yi da biro muna yara. In ka kira ta da na biyu, inda ta tsaya nan take jira.

Ni kuwa st0 na rubuta.

Kullum ƙarfe ɗaya na dare manhajar tar ta kwashe fayilolin ofis ta zuba, da safe in duba in ga babu kuskure, in sha shayina. Ashe kowane dare sabon rubutu yana hawa kan na jiya. Shi kaset kuwa, in aka sake rubutu daga farkonsa, na baya ya tafi ke nan. Kwana takwas ana haka, sai akawunmu ta zo ta ce, "Yaya, lissafin albashi na Litinin nake nema, na goge shi tun Talata." Na bincika kaset, ajiyar daren jiya kaɗai na tarar. Gumi ya keto mini duk da sanyin hunturu. Allah ya taimake ni ta taɓa tura wa kanta kwafi a waya.

Tun daga nan na koma nst0, na ware wa kowace rana kasetinta, na Juma'a kuma ba ya kwana a ginin. Ƙura ma abokiyar gaba ce, don haka akwai kaset na musamman na wanke kan na'urar, ana saka shi idan fitilarta ta nema.

Kai mai shago ko makaranta da ake ce maka ana yi muku ajiya, gobe ka kira mai kula da kwamfutarku, ka ce ya dawo maka da fayil ɗaya na makon jiya kana tsaye.