Cin Rani Ya Tsallaka Iyaka, Takarda Ta Tsaya a Gida

Duk wanda ya saba tsayawa a tashar motar Gummi bayan girbi ya san yadda take: samari da jakar buhu a kafaɗa, tabarma a naɗe, wani da diga ɗaure da roba. A da Legas ko Ibadan suke nufa, su yi ga-ruwa ko gadi, ruwan fari ya dawo da su. Yanzu tafiyar ta yi nisa, kuma da yawa damina ba ta dawo da su.

Abin da ya kore su a fili yake. Anka da Bukkuyum sun sha gubar dalma a 2010, yara sama da 400 suka rasu a Zamfara. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar, ta ce baƙin waje su bar ramuka, ba a ɗage hanin ba sai Disambar 2024. Ga ɓarayin daji da suka yi wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kisan gilla a Janairun 2022, ga ambaliyar da ta ci Gummi a 2024. Wanda aka raba da gona aka raba da rami, ina zai sa kansa?

A takarda, Nijeriya ta shirya wa mai neman aiki a waje hanya. Dokar ƙwadago ta ce mai ɗaukar mutane aiki zuwa wata ƙasa sai ya samu lasisi daga ma'aikatar ƙwadago, jami'i kuma ya duba yarjejeniyar kafin ma'aikaci ya tashi. Tsari ne mai kyau, ina goyon bayansa. Amma an gina shi ne don mai fasfo da lambar NIN da wanda zai karanta masa Turanci. Ƙaramin fasfo ya kai naira 100,000 tun Satumbar 2025, kuma sai an bi hanyar Gusau, hanyar da ake shiga da addu'a.

Shi ya sa talaka ke bi ta ƙofar rangwame. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza har kwana 90. Bayan nan ana buƙatar izinin zama, kuma mahaƙin da ya nufi ramukan zinare na arewacin Nijar ko Mali bai cika jin wannan rabin maganar ba. Ga shi Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da zirga-zirga tukuna, sai dai abin da a da haƙƙi ne ya koma alfarma.

Cin ranin Saudiyya ya fi taɓa ni, domin mata ne suka fi yawa a ciki, har da waɗanda aka kashe wa maza. Dillali zai zo ya ce ga bizar umara, in an sauka aikatau na jira. Bizar umara ba ta halatta aiki ba. Ranar da ta ƙare, baiwar Allah ta zama takari: ba igama, wato takardar izinin zama, ba inda za ta kai ƙara in uwar gida ta riƙe mata albashin wata shida. Ko wadda ta shiga bisa ƙa'ida tana hannun kafili, don sassaucin dokar aiki da Saudiyya ta yi a Maris 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Ƙarshen da yawa shi ne tarhil, wato a koro su gida, sai a ga mace ta sauka a Kano da leda ɗaya a hannu, alhali an sayar da saniya aka biya kuɗin tafiyar.

Ban ce ba a samu ba. Akwai gidajen da kuɗin waje ke saya wa buhun masara, har ma da biyan kuɗin fansa. Wannan ne ke sa wa'azin "ku zauna gida" ba ya shiga kunne. Asarar dai ita ce babu rajistar da ke ɗauke da sunan mai tafiya, in rami ya rufta da shi ko aka tsare shi, iyayensa sai jita-jita.

Abin da za a iya yi bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. A liƙa sunayen kamfanoni masu lasisi da Hausa a sakatariya da fadar sarki, a riƙa karanta su a rediyo, a kuma ajiye littafi a tasha inda mai tafiya zai bar sunansa, garin da ya nufa da lambar wani nasa.