Zaftarewar Ƙanƙara da Zaftarewar Ƙasa

Idan a Kwoi ko Kafanchan ka tashi, ba ka taɓa ganin dusar ƙanƙara ta lulluɓe duwatsun Kagoro ba. Amma a duwatsun da ke kusa da teku a ƙasashe masu sanyi, kamar yammacin Kanada da Amurka, tana zuba kowace shekara. Iskar da ke tasowa daga teku tana ɗauke da danshi, saboda haka ƙanƙarar da take zubarwa tana da yawa, tana kuma da nauyi.

Ƙanƙarar ba ta taruwa a dunƙule. Kowane zubi yana kwanciya ne a kan na baya, kamar tabarmi da aka jibge. Wata shimfiɗar takan daskare ta yi santsi, wata kuwa ta zama garas-garas kamar sukari. Idan zubi mai nauyi ya hau kan shimfiɗa mai rauni, sai na sama ya tsage ya sulale gaba ɗaya. Abin ya fi aukuwa a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, musamman in ruwan sama ya sauka a kan ƙanƙarar. Haka aka yi a Wellington, cikin jihar Washington ta Amurka, ranar 1 ga Maris 1910. An yi kwanaki ƙanƙara tana zuba, sai ruwa ya biyo baya. Ƙanƙarar ta zaftare, ta tura jiragen ƙasa biyu cikin kwari, mutum 96 suka rasu.

A ƙasashenmu babu ƙanƙara, amma ƙasar da ke kan dutse ma shimfiɗa ce. Ruwan Agusta yakan ratsa ta har ya tarar da dutsen da ke ƙarƙashi, ya mai da tsakaninsu santsi. Ranar 14 ga Agusta 2017, gangaren wani dutse ya zaftare a gefen Firitawun, babban birnin Saliyo, fiye da mutum 1,000 suka mutu ko suka ɓace.

Saiwoyin itatuwa ne ke riƙe irin wannan ƙasa, shi ya sa sare su don gawayi ko don buɗe gonar citta a gangare yake da haɗari. In ka ga ƙasa ta dare a saman gangare, ko itatuwa sun karkace, ko ruwa mai laka yana ɓulɓulowa inda da babu shi, ka sanar da manya, kada kuma a kwana a gindin wannan dutse.