Wa Ya Nuna Musu Hanyar Ƙari?

A shekarar 2000, Dakta Karen Aboody da abokan aikinta a Jami'ar Harvard ta Amurka suka ba da rahoton abin da ya ɗaure wa likitoci kai. An yi gwajin ne kan ɓeraye masu ƙarin sankara a ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwa. A ɗaya ɓarin aka zuba musu ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin jiki da ba su gama rikiɗa ba. Da aka duba, sai ga su sun ƙetara, sun yi wa ƙarin ƙawanya, har suna bin sawun ƙwayoyin sankarar da suka ɓalle. Wa ya nuna musu hanya?

Bakin zaren yana cikin wani rubutu na 1986, inda Harold Dvorak ya kwatanta ƙari da rauni wanda ya ƙi warkewa. Gyaran rauni kuwa aikin ƙwayoyin asali ne. Sai bincike ya gano cewa ƙari yana fitar da sinadarai irin su SDF-1, su kuma ƙwayoyin suna bin inda sinadarin ya fi yawa. Ashe ƙarin ne da kansa yake kiransu.

Tunda sun san hanya, sai a ba su saƙo. A asibitin City of Hope da ke Kalifoniya, an dasa musu ƙwayar gado ta bakteriya mai juya maganin 5-FC, wanda ba shi da zafi sosai, ya koma 5-FU mai kashe sankara. An fara gwadawa kan mutane a 2010. Sakamakon 2017 kan majinyata 15 ya nuna maganin yana samuwa a cikin ƙwaƙwalwar kanta, kuma jiki ya jure.

Duk wanda ya raka ɗan'uwa daga Gusau, Tsafe ko Bungudu zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato ko Shika, ya ga yadda allurar kemo ke zubar da gashi da galabaitar da jiki, ya san darajar maganin da zai tsaya kan ƙari kaɗai.

Amma har yanzu gwaji ne, bai kai ga warkarwa ba. Mai tallar ƙwayar haɗiya ko gari da sunan ƙwayoyin asali, ba wannan yake sayarwa ba, kada a ba shi kuɗin jinya. Wanda ya ji ƙullutu a nono ko wuya, ya garzaya asibiti tun yana ƙarami, domin a lokacin tiyata ta fi amfani.