Soatanana, ƙauyen da ke saƙa tsamiyar Madagaska

Duk wanda ya tashi a Damagaram ko Tasawa ya iske kakansa da rai, da wuya bai taɓa ganin tsohuwar riga mai aska takwas ba, wadda aka yi wa aikin gaba da wani zare mai launin ƙasa-ƙasa, mai ɗan kaushi, marar ƙyalli. Da yawa cikinmu suna zaton auduga ce. Siliki ne, amma na daji, shi ne tsamiya. Wasu tsutsotsi ne ke taruwa su saƙa gidansu a jikin itacen tsamiya ko na doka, a ɗebo, a dafa da toka, mata su kaɗa. Na daɗe da mance wannan zare, sai da wani taro ya kai ni tsibirin Madagaska, inda na iske ƙauyuka sukutum suna cin abinci da ɗan'uwansa.

Daga Antananarivo, babban birnin ƙasar, hanya mai lamba 7 ta miƙe kudu har garin Ambositra, wajen kilomita 260. Motocin tasharsu irin namu ne, ba su tashi sai sun cika, saboda haka mai gaggawa ya yi sammako. Ya kuma riƙe bargo in cikin watan Yuni zuwa Agusta ne, domin lokacin damanarmu su hunturu suke yi, ga shi ƙasar tudu ce. Bayan an wuce Antsirabe mota za ta hau wani tsauni da ake kira Col des Tapia, a nan baƙo zai fara ganin wasu gajerun itatuwa masu kaurin ɓawo, a warwatse cikin ciyawa. Sunansu tapia, kuma ba su fitowa a ko'ina cikin duniya sai a wannan tsibiri. Na wuce su ban kula ba. Ashe su na zo gani.

Ƙauyen Soatanana yana yamma da Ambositra, cikin ƙasar Betsileo. Gidajen jan ƙasa ne masu bene, a ƙasansu fadamun shinkafa hawa-hawa. Tun daga bakin gari sai ka ga wasu curarrun abubuwa kamar tsumma an liƙa su a bango suna shan rana. Silikin ne. Suna ce masa landibe, wato babban siliki, don su bambanta shi da landikely, ƙaramin siliki na tsutsar gida, irin wadda ƙasar Sin ta yi suna da ita, wadda aka shigo da ita tsibirin cikin ƙarni na 19. Tsutsar landibe a daji take, ganyen tapia take ci, sau biyu a shekara take yin ƙwanso.

Aikin na mata ne, kuma mai wuya ne. Ƙwanson yana da ƙananan ƙayoyi masu ƙaiƙayi, sai an kakkaɓe su. Sannan a tsaga shi, a fidda abin da ke ciki, a jiƙa, a juya cikinsa waje, a jera huɗu ko biyar bisa ɗan tsinke, wani cikin wani. In sun bushe a dafa su da sabulu ko toka tsawon yini, a rufe su kwanaki har danƙon da ya haɗe zaren ya sake. Wari kam akwai shi, wanda ya saba da unguwar majema ba zai yi mamaki ba. Daga nan a kai rafi a wanke, a buga, a shanya. Silikin gida warware shi ake yi, zare guda mai tsawo ya yi ta fitowa. Na daji kuwa da yake an tsaga shi, ba ya warwaruwa, tilas a kaɗa shi da mazari kamar yadda iyayenmu mata ke kaɗin auduga. Shi ya sa zarensa ke da ƙulle-ƙulle, nan kauri nan siriri, kuma shi ya sa ba ya ƙyalli.

Rini ma na gida ne. Ja daga ɓawon wani itace mai suna nato, rawaya daga gangamau, shuɗi daga baba, baƙi daga taɓon fadama. Masaƙar tana cikin ɗaki, a shimfiɗe kusa da ƙasa, kuma zane mai faɗi take fitarwa. Ba irin ƙwaryar da masaƙanmu maza ke yi a ɗinka ba ne, ya fi kama da gwadon mata. Na zauna wajen awa guda ina kallon wata dattijuwa, abin da ta ƙara bai kai taki biyu ba.

To, wa ke sayen abin da ya ci wahala haka? Amsar ta ba ni mamaki: tun asali matattu ake yi wa. A wurinmu likkafani farin alawayyo ne, mai kuɗi da talaka duk ɗaya. Su kuwa Merina da Betsileo suna suturta mamaci da zanen landibe da suke kira lambamena, saboda yana daɗewa cikin kabari bai ruɓe ba. Bayan wasu shekaru, tsakanin Yuli da Satumba, dangi su taru su buɗe hubbaren gidansu su sabunta wa magabata sutura. Wannan al'ada ita ce famadihana. Yau tsada ta sa iyalai da dama sun koma auduga ko zaren kanti, masaƙa kuma suka juya ga yin gyale da mayafi domin baƙi da ƴan birni. A Sandrandahy, kan hanyar Fandriana, mata sun haɗu cikin ƙungiyoyi suna aika kayansu har ƙasashen waje.

Amma abin da ya fi damun matan Soatanana ba kasuwa ba ce. Ƙwanson ne ke ƙaranci. Ana sare tapia a yi gawayi. Ɓawonsa na jure wutar daji, amma ƙananan tsirrai da tsutsar ba su jurewa. Itatuwan Turawa da aka dasa, irin su turare da pin, suna kutsawa cikin dajin suna danne shi. Ga kuma ciki: abin da ake fiddawa daga ƙwanson soya shi ake yi a sayar a kasuwa kamar yadda muke yi da fara, kuma duk wanda aka ci ba zai yi fiffike ya saka ƙwai ba. Na ɗanɗana, ba laifi. Sakamakon haka sau da yawa masaƙa sai sun sayi ƙwanso daga nesa, daga dazuzzukan Itremo ko Isalo, ribar ta tafi ga dillali da mai mota. A 1996 gwamnatin ƙasar ta yi dokar da ake kira GELOSE, wadda ta ba ƙauyuka ikon kula da dajinsu. Ma'aikatanmu na gandun daji za su tuna da kasuwannin itace na karkara da aka kafa a nan cikin 1992. Tunanin ɗaya ne, matsalar ma ɗaya ce, domin takarda ba ta kashe gobara sai mutanen gari sun ga abin da za su samu.

Ga ƴan kasuwa kuwa, bari in tona asirin kaina. Kafin in je ƙauyen na sayi wani mayafi mai santsi da ƙyalli a wata rumfa a babban birni, mai shi ya rantse mini landibe ne. Da na nuna wa matan, sai suka yi ta dariya. Ɗaya ta zare silin zare guda ta kanga masa ashana: ya narke, ya dunƙule kamar leda. Ta yi haka da nata, ya yi ƙaurin gashi, ya bar toka mai murjewa. Kyauta ta koya mini, amma na riga na biya kuɗin makaranta.

Mu ma mun san siliki iri biyu. Bature matafiyi Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya iske alharini da ayari ke kawowa daga Tarabulus, wanda ake saƙa barage da shi. Wannan na ƙetare ne, da hanyar raƙuma ta mutu ya bi ta. Tsamiya kuwa tamu ce, a dajin ƙasar Hausa take, amma yau zaren kanti ya cika rumfunan maɗinka.

Da na komo Damagaram na kai wa wani tsohon maɗinki a unguwar Birni gyalen da na sayo a Soatanana, ban gaya masa komi ba. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya sunsuna, ya ce tsamiya ce, ya tambaye ni ko na zo masa da zaren, don akwai wata riga da ya ajiye tun tuni bai ƙarasa ba. Gyale uku na sayo, zare ko ƙulli guda ban riƙo ba.