Ƙarfin Wuyan Hannu Da Lanƙwasa Ƙarfe

Jama'a, a ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa na gwada ƙarfi. Mutum zai ɗauki ƙusa mai kauri ko guntun rodi, ya naɗe shi da ƙyalle ko fata, ya lanƙwasa shi da hannu kawai. Ba wuta, ba guduma. Wasan ya daɗe. Alekzanda Zas, wanda aka haifa a 1888, sojan Rasha ne da aka kama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. An ce yana tsare ya riƙa jan sarƙa da sandunan ƙarfe don ya ƙara ƙarfi. Daga baya ya koma Ingila yana lanƙwasa ƙarfe a gaban 'yan kallo. Ya mutu a 1962. Akwai kuma Josef Girinstain na Amurka, wanda ya mutu a 1977. Gajere ne, ba shi da wani babban jiki, amma yana lanƙwasa takalmin doki na ƙarfe.

To, tambayar da masu son wasan ke yi ita ce: in mutum ya ƙarfafa wuyan hannunsa da kayan motsa jiki, zai iya lanƙwasa ƙarfe? Amsar ita ce, zai taimaka, amma ba shi kaɗai ba.

Mu fara da wuyan hannun kansa. Akwai ƙananan ƙasusuwa 8 a cikinsa. Tsokar da ke juya shi ba a nan take ba. Tana can sama, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. Jijiyoyi ne ke sauko da ƙarfinta har zuwa yatsu. Dunƙule hannunka yanzu, ka taɓa wurin da ɗaya hannun. Za ka ji tsokar ta yi tauri.

Kayan da ake amfani da su ba masu wuyar samu ba ne. Akwai sanda da igiya. Ana ɗaura dutse ko ƙarfe a ƙarshen igiyar, sai mutum ya riƙa murɗa sandar har igiyar ta naɗe, nauyin ya hau sama. Akwai wani ƙarfe mai kama da almakashi da ake matsewa a tafin hannu. Akwai kuma guduma mai doguwar ƙota. Ana riƙe ƙarshen ƙotar, a ɗaga kan gudumar a hankali, a sauke, da wuyan hannu kawai.

A cikin waɗannan, guduma ce ta fi kusa da aikin lanƙwasa ƙarfe. Ga dalili. Sanda da igiya suna motsa wuyan hannu gaba da baya, sau da yawa, da nauyi kaɗan. Wannan yana ba da juriya. Amma ƙusa ba haka take so ba. Mai lanƙwasa ƙusa yana karkata wuyan hannunsa gefe, wajen babban yatsa ko wajen ƙaramin yatsa, ya sa dukan ƙarfinsa lokaci guda. Irin wannan karkatarwar ce guduma ke koyarwa. Jiki kuwa ya fi ƙarfi a irin aikin da ya saba. Shi ya sa manomi mai ƙarfin huɗa kan gaji da wuri in aka ba shi taɓarya, alhali matarsa tana wuni tana daka.

Wani abin kuma, yawancin ƙarfin da ke tanƙwara ƙusa daga ƙirji da kafaɗu da baya yake fitowa, musamman in an riƙe ta a ƙarƙashin haɓa. Aikin wuyan hannu shi ne ya tsaya cak, ya isar da ƙarfin zuwa ga ƙarfen. In ya yi sanyi, ƙarfin ya zube a banza, kamar fartanya mai ƙota a kwance. Saboda haka mai ƙaton ƙirji da raunin wuyan hannu ba zai iya ba. Mai ƙarfin wuyan hannu da bai taɓa riƙe ƙusa ba shi ma zai sha mamaki.

Shi ƙarfen ma yana da nasa lissafi. Dogo ya fi gajere sauƙin lanƙwasawa. Masu aikin rodi a wurin gini sun san wannan, don haka suke zura rodi cikin dogon bututu su danna. Kauri ya fi tsawo wahalarwa. In kaurin rodi ya ninka sau 2, ƙarfin da ake buƙata zai ninka kusan sau 8. Wani kamfani a Amurka mai suna IronMind yana sayar da ƙarfen gwaji da ake kira Red Nail, wato jar ƙusa. Tsawonta inci 7 ne, kaurinta kusan milimita 8. A ido ba ta da wani girma, amma ƙarti da yawa sun gwada sun ajiye.

Yanzu ga inda haɗarin yake, kuma matasa ne muka fi ji wa. Tsoka tana saurin yin ƙarfi, cikin 'yan makonni. Jijiya kuwa sai an yi watanni. Wanda ya yi gaggawa zai iya samun targaɗe, ko ciwon gwiwar hannu da zai hana shi riƙe garma damina guda. Ƙusar da ba a naɗe ta sosai ba tana iya huda tafin hannu, cutar sandarewar jiki ta shiga. In haka ta faru, a wanke wurin da sabulu, a tafi asibiti a yi allura ran nan. Masu wasan da suka daɗe a cikinsa da siririn ƙarfe suke farawa, ba kuma kullum suke yi ba. Sukan bar kwana 2 ko 3 hannu ya huta kafin su sake taɓa ƙusa.